Ƙasar Adar Daga Amarawa Zuwa Tawa: Duwatsunta, Mutanenta da Tarihinta

1. Gabatarwa

Amarawa gari ne a arewacin Jihar Sakkwato, dab da Illela, a kan hanyar motar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi Birnin Ƙonni. Saboda kusancin garuruwan biyu a kan haɗa sunayensu a ce Illelar Amarawa, domin a bambanta ta da sauran garuruwa masu suna Illela. Daga Sakkwato zuwa nan kimanin mil 50 ne, watau kilomita 80 da 'yan kai. Daga nan zuwa Ƙonni kuwa 'yan mil kaɗan ne, sai dai iyakar Nijeriya da Nijar ta ratsa tsakaninsu. A ƙidayar 2006 an sami mutum 150,489 a Ƙaramar Hukumar Illela.

Sau da yawa taswirar da a ke koyarwa da ita a makarantun Nijeriya ta kan tsaya a bakin iyakar nan, abin da ke arewa da ita a bar shi fari fat. Wannan kuwa hasara ce ga ɗalibi, gama ruwan da ke shiga tafkin Kalmalo, da kakannin mutane da yawa na ƙauyukan Illela da Gada da Gwadabawa, da dabbobin da ke cika kasuwar Illela ran Lahadi, daga arewa suka gangaro, daga ƙasar duwatsun nan da a ke kira Adar. Amarawa ba ta cikin Adar sosai, a gindinta ta ke, inda duwatsu suka fara kwantawa suka zama tudu da jigawa. Manufar wannan takarda ita ce bayyana siffar ƙasar Adar, da al'ummomin da suka zauna cikinta, da yadda tarihinta ya ɗaure da na arewacin Sakkwato.

Wajibi ne tun da fari a kawar da wani ruɗani. Illela biyu ce a wannan yanki. Akwai ta Nijeriya, wadda aka ambata, akwai kuma ta Nijar, a tsakanin Ƙonni da Tawa, inda Sarkin Adar ya ke zaune. Duk inda aka yi nufin ta biyun a nan, za a ce Illelar Adar.

2. Siffar Ƙasa

Adar tana cikin Jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Daga arewa ta yi iyaka da Azawak, ƙasar makiyaya. Daga gabas da kudu maso gabas da Gobir. Daga kudu da ƙasar Ƙonni. Daga yamma kuwa da Arewa da Kurfai. Manyan garuruwanta su ne Tawa, Illelar Adar, Keita, Buza da Badagishiri. Madawa, Galmi da Malbaza suna bakinta na kudu. Sashenta na gabas, inda tsaunuka suka fi yawa, shi a ke kira Adar Dutsi.

Wanda ya saba da duwatsun Zariya ko na Kwatarkwashi, waɗanda suka tashi cif daga fili, zai ga na Adar dabam su ke. Tudu ne mai faɗi, samansa a shimfiɗe kamar faifai, wanda ruwa ya tsattsage ya yi masa kwaruruka masu zurfi. Inda ya fi tsawo ya kai wajen ƙafa 2,300 bisa teku, watau kimanin mita 700. Mai tafiya a kwari ya kan ga tsaunuka dama da hagu, amma in ya hau sai ya tarad da fili ya miƙe har iyakar ganinsa, ba kome sai tsakuwa da geza.

Dalilin wannan siffa yana cikin asalin duwatsun. Masana sun tabbatar da cewa kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce wani reshen teku ya ratso Sahara ya malale wannan yanki. Da ya janye sai ya bar laka da yumɓu da dutsen farar ƙasa hawa-hawa, cikinsu har yanzu a kan tsinci katantanwa da haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da na kunkuru. Bayan haka yashi ya rufe su, samansa ya daskare ya zama marmara mai ƙarfe a ciki. Marmarar nan ita ce murfin tudun. Inda ruwa ya sami fasa ta, sai ya ci yumɓun da ke ƙarƙashi da sauri, kwari ya buɗe. Waɗannan duwatsu ba su san iyaka ba: farar ƙasar da a ke yin siminti da ita a Malbaza, da wadda a ke haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, tekun nan ɗaya ne ya bar su, kuma masana'antun biyu duk cikin shekarun 1960 aka kafa su.

Ruwan sama yana raguwa ne in an nufi arewa. Sakkwato ta kan sami kimanin inci 25 a shekara, Ƙonni wajen inci 20, Tawa kuwa wajen inci 15, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Babu kogin da ke gudu rani da damina. Kwaruruka huɗu ne manya: Tadis, inda Tawa ta ke, da kwarin Keita, da na Badagishiri, da Majiya. Majiya ita ce ta fi shafar Nijeriya, domin ta taso ne daga tsaunukan Buza, ta gangaro kudu maso yamma ta wuce kusa da Ƙonni, ta tsallake iyaka ta zuba a tafkin Kalmalo, yamma da Illela.

Manomin Adar ya kasa ƙasarsa kashi uku. Akwai fako, watau saman tudu da gangarensa, inda ƙasa ta yi tauri ruwa ba ya shiga. Akwai jigawa, yashin da iska ta tara a gindin tsauni, gonar gero da wake. Akwai kuma fadama a tsakiyar kwari, inda a ke shuka dawa da auduga da damina, da rani kuma albasa da alkama da kayan miya. Fadama ita ce mafi daraja, ita ce kuma mafi ƙaranci. Yawancin rigingimun ƙasar, na dā da na yanzu, a kanta su ke.

3. Azna, Masu Ƙasa

Mutanen da tarihin baka ya nuna su ne suka riga kowa zama su ne Azna. Kalmar ɗaya ce da Arna ta wajen Katsina da Gobir, ma'anarta kuma ta yi kusa da ta Maguzawa a ƙasar Kano, watau Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya. Amma a Adar tana ɗauke da wata ma'ana kuma, ta mai ƙasa, wanda kakansa ne ya fara sare dajin. A kan raba su biyu: Aznan ramu, waɗanda su ke cewa kakanninsu a kogunan dutse suka fara zama, da Aznan mahalba, waɗanda farauta ta kawo su.

Tsarin zamansu a kan gādo ya ke. Kowane dangi yana da abin da ya gāda, ko noma, ko farauta, ko ƙira, ko sha'anin ruwan sama, tare da tsafin da ke tafiya da wannan aiki. Ba su da sarki guda bisa kowa. Kowane gari da dattawansa da mai kula da wurin tsafinsa. Siffar ƙasar ta taimaka ga haka, tun da ya ke kowane kwari a ware ya ke daga ɗan'uwansa, tsauni kuwa mafaka ne ga wanda ba ya son a mallake shi.

Marmarar da ta hana noma a saman tudu ita ce ta ba da tama. Maƙeran Adar sun daɗe suna narka ta su fid da ƙarfen fartanya da gatari da mashi, har zuwa sa'ad da ƙarfen Turai da tarkacen mota suka yawaita. Wata masaniya Bafaransa, Nicole Echard, ta zauna cikinsu a shekarun 1960, ta ɗauki aikin narkar tama a majigi, ta kuma wallafa tarihin manoman Adar a 1975. A yau kusan dukan mutanen ƙasar Musulmi ne. Duk da haka sunan Massalata, kusa da Ƙonni, sananne ne saboda arwa, watau dūban da Azna su kan yi don sanin yadda daminar shekara za ta kasance.

4. Kabi, Agabba da Abzinawa

Sarauta irin ta birni daga waje ta shigo Adar. A ƙarni na 16, bayan Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, Adar ta shiga ƙarƙashin ikon Kabawa. Ba don albarkar gonakinta kaɗai aka neme ta ba. Hanyar fatake daga Agadas zuwa Kabi ta cikinta ta bi, wanda ya riƙe kwarurukanta da rijiyoyinta kuwa shi ya riƙe hanyar gishiri da tufafi da hatsi.

A shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubaraku, ya ci rundunar Kabi da yaƙi ya karɓe Adar. Daga baya ya gaji ubansa a Agadas a 1687. Da 'yan'uwansa suka tuɓe shi wajen 1721, sai ya komo Adar ya zauna, ya kafa gidan sarautar da har yanzu ke riƙe da sunan Sarkin Adar. Mazaunin sarautar ya fara ne a Birnin Adar, daga bisani ya koma Illelar Adar. Tarihin wannan zamani Farfesa Djibo Hamani ne ya tsara shi cikin littafinsa na 1975, inda ya gwama rubutattun labarun Agadas da na Sakkwato da abin da ya ji daga bakin dattawa.

Tare da Agabba waɗansu Abzinawa suka shigo, musamman Lisawa, waɗanda zuriyarsu ke riƙe da sarautar Keita. Bayansu, cikin ƙarni na 18, Kelgeres suka baro Azbin suka sauka a kudu maso gabas, tsakanin Adar da Gobir, suna kiwon raƙuma suna fataucin gishiri. Daga arewa kuma Iwillimmidan na Azawak suna leƙowa. Ta haka zaman ƙasar ya zama hawa uku: Azna suna riƙe da ƙasa da tsafinta, 'ya'yan sarki suna riƙe da sarauta da haraji, Abzinawa suna riƙe da raƙumi da takobi. Abin lura a nan shi ne, zuriyar Agabba ba su daɗe ba suka saki harshen Azbin suka zama Hausawa. Baƙo ya ci ƙasar da yaƙi, harshen ƙasar kuwa ya cinye baƙon.

5. Zamanin Jihadi

Wuraren da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara duk a gefen Adar su ke. An haifi Shehu a Maratta a 1754, kusa da Galmi ta yanzu. Malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a wannan yanki ya zauna, kabarinsa kuma yana kusa da Madawa. Ɗagel, inda Shehu ya yi zaman karantarwa, tana cikin ƙasar Gwadabawa, kudu da Illela. A watan Fabrairu 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, jama'a suka ci Matankari da Ƙonni, sa'an nan a watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka gina Sakkwato a 1809.

Gidan sarautar Adar ya rabu a kan jihadi, waɗansu suka bi Shehu, waɗansu suka tsaya tare da Gobir. Reshen da ya bi jama'a ya zauna a Dundaye, kusa da Sakkwato, inda hakimi ke amsa sunan Sarkin Adar, a cikin ƙasarsa kuma mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ke. A cikin Adar kanta wani malami Ba'abzine, Muhammadu Jilani, ya ta da nasa jihadi a farkon ƙarni na 19, ya yi ƙarfi 'yan shekaru, kana aka rinjaye shi ya nemi mafaka wurin Muhammadu Bello. A yaƙin Gawakuke na 1836 akwai Abzinawa cikin waɗanda suka taimaki Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, Sarkin Musulmi Bello ya ci su.

Duk da wannan nasara Sakkwato ba ta riƙe Adar riƙon da ta yi wa Kano ko Zazzau ba. Kelgeres suka rinjaya a kudu maso gabas, Iwillimmidan a arewa, ikon Sarkin Adar ya ƙuntata. Talakawa suka shiga biyan gaisuwa ga iyayengiji fiye da ɗaya, garuruwa da yawa suka koma jikin tsauni don tsoron hari. Waɗansu kuwa suka gangaro kudu. A ƙarshen ƙarnin Marafa Muhammadu Maiturare, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ya kafa Gwadabawa ya tsare arewacin Sakkwato, ya yi ta karɓar baƙi yana ba su wurin noma, Adarawa da yawa a cikinsu. Ƙasar Illela da Amarawa a ƙarƙashin Gwadabawa ta ke kafin a ba ta ƙaramar hukumarta.

6. Turawa da Yankan Iyaka

Tun kafin wani Bature ya mallaki taƙi ɗaya na ƙasar, an riga an raba ta a takarda. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka sāke, aka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Bisa wannan yarjejeniya Ƙonni da kudancin Adar a hannun Ingila su ke. Duk da haka a watan Mayu 1899 rundunar Faransai ta Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni, ta ƙone shi ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. A 1901 Faransai suka karya Kelgeres a Zangebe da Galma. Turawan Ingila kuwa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903.

Da'irar nan ta takura Faransai ƙwarai, domin ta tilasta wa ayarinsu mai zuwa Damagaram daga Kwara ya zagaya ta arewa, ta ƙasar da ba rijiyoyi. Saboda haka a yarjejeniyar 1904 Ingila ta yarda a janyo iyakar kudu, aka daidaita ta a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ta suna kafa alamomi, guda 148 daga Kwara zuwa Cadi. Ta haka Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Kalmalo da Amarawa suka zauna a hannun Ingila. Bukatar ayarin soja ce ta yanke wannan iyaka, ba a dubi dangantaka ko magudanar ruwa ba.

Mulkin ɓangarorin biyu ya bambanta. Harajin Faransai ya fi nauyi, ga aikin tilas na hanya da ɗaukar kaya, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Mutane da yawa suka tsallako ƙasar Gwadabawa saboda haka, wani lokaci ƙauye sukutum. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, ta ƙara koro waɗansu. Wannan na cikin dalilan da suka sa arewacin Lardin Sakkwato ya cika da jama'a fiye da yadda ruwan samansa zai sa a zata.

7. Al'ummomi, Sana'a da Harshe

Mazauna ƙasar a yau Adarawa ne, da Ƙonnawa da Gobirawa a kudu, da Abzinawa da Buzaye, da Fulani makiyaya. Da damina makiyaya su kan hau arewa zuwa Azawak, har ƙasar gishiri ta wajen Ingal, su bar wa manoma kwari. Da kaka su gangaro dabbobi su ci kara su bar taki. Wannan tsohuwar ma'amala ta yi rauni tun da gonaki suka cinye burtali, manoma kuma suka fara tara karansu don dabbobin kansu.

Albasa ita ce babbar hajar fadama. Irin nan ja mai duhu da a ke kira 'yar Galmi ta yi suna a Afirka ta Yamma, a kan yi lodinta zuwa Gana da Kwaddebuwa. Kokawa ita ce wasan da ƙasar ta shahara da shi, a Tawa ne kuma aka fara gasar takobi ta ƙasar Nijar a 1975. Mahamadu Isufu, wanda ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021, ɗan Dandaji ne a ƙasar Illelar Adar.

Amma abin da aka fi sanin Ba'adare da shi shi ne cin rani. Gonar jigawa ba ta cika ciyad da gida shekara ɗungum ba, saboda haka da an gama girbi samari su kan fita, su bar tsofaffi da mata da yara. Dā Sakkwato da Kano da Kurmi a kan nufa, daga baya Kumasi da Ankara da Abijan da Ikko, bayan haka kuma Libiya da Aljeriya. Su kan yi ga-ruwa, da dako, da gadi, da sayar da shayi, da ƙananan tallace-tallace. Kuɗin da su ke aikowa shi ke sayen hatsin bazara. Hanyar da yawancin masu nufin kudu su ke bi kuwa ita ce ta Ƙonni da Illela da Amarawa. Don haka rufe iyaka ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, a tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. An sāke rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Nijar.

Ta wajen harshe, Adarci da Sakkwatanci 'yan ɗaki ɗaya ne cikin karorin Hausar yamma. Inda Bakano zai ce "yaron da ya zo", su sai su ce "yaron da yaz zo". "Muka tafi" ta zama "munka tahi". "Gidansa" ta zama "gidanai". "Fari" ta zama "hwari". "Biyar" ta zama "biyat". "Shi ne" da "ita ce" su zama "shi na" da "ita ta". Bernard Caron ya wallafa nahawun Hausar Adar a 1991. Inda iyaka ta yi tasiri shi ne wajen kalmomin aro. Yaron Ƙonni yana zuwa lakwal wurin mushe, na Amarawa yana zuwa makarantar boko wurin malam. A kasuwa dala sefa 5 ce, jika sefa 1,000, alhali jaka a lissafin Nijeriya fam 100 ce, watau naira 200. Mai nazarin harshe zai sami wuri mai kyau a nan na gwada abin da shekara ɗari na mulki dabam-dabam ke iya canzawa a harshe, da abin da ba ya iyawa.

8. Zaizayar Ƙasa da Rabon Ruwa

Babbar matsalar Adar ita ce zaizaya. Da jama'a suka ƙaru aka sare itatuwan gangare, sai ruwan sama ya daina tsayawa. Ya kan sauko da ƙarfi ya kwashe ƙasar gona, ya haƙa kwazazzabai, ya binne fadama da yashi. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka tsananta abin.

An yi ayyuka uku da suka cancanci a sani. Na farko, daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka shiga dasa dogonyaro layi bibbiyu a kwarin Majiya don tare iska, amfanin gero ya ƙaru a bayan layukan. Na biyu, a 1984 aka fara babban aikin Keita da taimakon Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka jera duwatsu a gangare, aka yi madatsu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Yawancin ma'aikatan mata ne, domin maza sun tafi cin rani, da abinci kuma aka riƙa biyansu. Na uku shi ne tassa. A ƙarshen shekarun 1980 waɗansu manoman Illelar Adar suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda a ke gyara fako. A kan haƙa ƙananan ramuka da rani, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse, sa'an nan a shuka gero a ciki. Dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi, har fakon da dā ba mai so ya zama abin saye da sayarwa.

Amma ruwan da aka tsare a tudu, na kwari bai gan shi ba. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 Nijar ta yi madatsun Mozage da Zango a kan Majiya, don ban-ruwan fili fiye da hekta 2,000 a Ƙonni. Wannan, tare da ƙarancin ruwan sama na shekarun, ya rage abin da ke isa tafkin Kalmalo, wanda masunta da masu lambu na ƙasar Illela suka dogara da shi, har ya kan ƙafe. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, kuma a 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suka yi tarayya a kai, Majiya na cikin magudanai huɗu da aka ambata. Manomin Ƙonni da na Kalmalo dangin juna ne, kowannensu kuma yana da hujja. Adalci a tsakaninsu ba ya samuwa sai an auna ruwan kwarin tun daga Buza har tafki, an kuma san yawan masu sha daga gare shi a kowane gefe.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa dutse ne ya tsara zaman Adar. Shi ya ware kwaruruka har Azna suka zauna ba sarki guda, shi ya ba da tama, shi ya ƙuntata fadama har samari suka koyi cin rani, daga kansa kuma ruwan Kalmalo ke gangarowa. Iyakar da aka kafa tsakanin 1906 da 1908 ta raba haraji da makaranta da kuɗi, amma aure da kasuwa da harshe da magudanar ruwa suna nan a haɗe.

Malamin da ke koyar da tarihi ko labarin ƙasa a kwalejin horon malamai zai kyauta in ya sa ɗalibansa su zana taswirar Majiya dukanta, daga tushe har tafki, kafin su ja layin iyaka a kanta. Akwai kuma aikin da ke jiran masu bincike, mai gaggawa. Dattawan da suka ji labarin ƙaura daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa. A kowane ƙauye na Illela da Gada da Gwadabawa ya kamata a rubuta daga wane gari na Adar ko Ƙonni ko Gobir kakanni suka taso, a zamanin wane sarki, da abin da ya taso su, da wanda ya ba su wurin zama. Ɗaliban da suka fito daga waɗannan ƙauyuka su ne suka fi kowa dacewa da aikin, gama harshen nasu ne, masu ba da labarin kuma iyayensu ne.